Twilight da yarinyar da ta ce babu masoyi kamar Edward

Tambaya: Wata uwa ta rubuto cewa ɗiyarta mai shekara 15 ta aro littafin Ingilishi mai suna Twilight a hannun ƙawarta, ta cinye shi cikin 'yan kwanaki, tun daga nan ba ta da zance sai na wani Edward. Yarinyar ta ce ba a taɓa rubuta labarin soyayya mai daɗinsa ba, kuma ba a yi masoyi kamar Edward ba. Uwar ta karɓa ta karanta, ta ce ita ba ta ga komai ciki ba sai shirme da maimaici, ga kuma batun shan jini da matattu masu yawo da ya tayar mata da hankali. Tana son ta san wa ke da gaskiya tsakaninsu, kuma ko ta ƙwace littafin ne, ko ta ƙyale ta ta nemi sauran.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana ita, ya kuma saka miki da kika zauna kika karanta littafin kafin ki yanke masa hukunci, domin yawancin iyayen da ke kawo irin wannan ƙara bangon littafi kaɗai suka gani. Kowaccenku ta riƙe wani yanki na gaskiya. Ɗiyarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce littafin yana kama zuciya, ke ma ba ki zalunce shi ba da kika ce rubutunsa ba shi da ƙarfi. Sai dai abin da ya tayar miki da hankali, wato jini da matattu, shi ne mafi sauƙin abin da ke cikinsa. Ba nan gizo ke saƙa ba. Maganar da ta cancanci ki tsaya a kanta ita ce wadda ta fito daga bakin yarinyar, cewa ba a yi masoyi kamar Edward ba, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Marubuciyar, Stephenie Meyer, Ba'amurkiya ce da ke zaune a jihar Arizona, matar aure mai 'ya'ya maza 3, ta karanta adabin Ingilishi a Jami'ar Brigham Young, kuma ba ta taɓa wallafa littafi ba kafin wannan. Ta sha ba da labarin cewa a watan Yunin 2003 ta yi mafarkin wata yarinya da wani kyakkyawan saurayi mai ƙyalƙyali suna hira a wani fili a tsakiyar daji, yana gaya mata yana sonta, kuma yana fama da kansa kada ya kashe ta. Mafarkin nan shi ne ya zama babi na 13. Daga wurin ta fara rubutu har ta kai ƙarshe, sannan ta dawo ta rubuta farkon. Kamfanin Little, Brown ya ba ta dala 750,000 a kan littattafai 3, na farkon ya fito a Oktoban 2005, New Moon ya biyo a 2006, Eclipse a 2007, sannan aka ƙara na huɗu, Breaking Dawn, a 2008. Zuwa 2010 an sayar da fiye da kwafi miliyan 100, fina-finai 5 da aka yi a kansu tsakanin 2008 da 2012 kuma sun tara sama da dala biliyan 3. Ki riƙe batun mafarkin nan, domin shi ne ya bayyana ƙarfin littafin da rauninsa gaba ɗaya: daga yanayi guda aka tsiro da shi, labarin kuwa daga baya aka ɗinka masa.

Ga masu karatunmu da ba su san shi ba, labarin gajere ne duk da littafin ya kusa shafi 500. Bella Swan, 'yar shekara 17, ta bar mahaifiyarta a birnin Phoenix mai zafin rana ta koma wurin mahaifinta, shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari mai suna Forks a jihar Washinton, inda da wuya a ga rana saboda hadari da ruwan sama. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen, wanda a ido sa'anta ne, alhali an haife shi a Shikago a 1901, kuma wani likita mai suna Carlisle ya mayar da shi masha-jini a 1918 lokacin da annobar mura ke gab da kashe shi. Gidan su Edward sun ɗaukar wa kansu alkawarin ba za su sha jinin mutum ba, sai na dabbobin dawa. Matsalar ita ce ƙamshin jinin Bella ya fi na kowa fizgar Edward. Ya so ta, ta so shi, ta gano ko shi wane ne, ta ce ta ji ta gani. Can wajen ƙarshe wani baƙon masha-jini mai suna James ya ƙwallafa rai a kanta, ya yaudare ta ta kai masa kanta, aka ceto ta da ƙyar.

Game da halittar da ta tsorata ki, tatsuniyar matacce mai fitowa daga kabari ya sha jinin masu rai, wanda Turawa ke kira bamfaya, ta gabashin Turai ce. Ta shiga kunnen sauran Turawa ne tsakanin 1725 da 1732, lokacin da jami'an daular Ostiriya suka aiko da rahotanni daga ƙauyukan Sabiya inda mutane ke tone kaburbura suna soke gawa da turke. Abin da ƙauyawan suka gani, wato gawa ta kumbura kuma jini na tsattsafowa ta bakinta, alamun ruɓewa ne na yau da kullum, amma su suka ɗauka mamacin ya ci ya ƙoshi. Dodon wancan zamani mummuna ne, mai wari, babu macen da za ta yi mafarkinsa. Marubuta ne suka yi ta yi masa wanka. John Polidori ya mayar da shi basarake mai kwarjini a 1819, Bram Stoker ya ba shi fada da akwatin gawa a Dracula a 1897, Anne Rice ta sa masa zuciya mai nadama a 1976, kafin shekarun 1990 su kai shi makarantar sakandare. Meyer ta ƙarasa aikin. Ta cire masa akwatin gawa, ta cire dogayen fiƙoƙi, ta cire tsoron tafarnuwa da gicciye, rana ma ba ta ƙona shi, sai dai ta sa fatarsa ta yi walƙiya. Abin da ta bar masa shi ne kyau da ƙarfi da dukiya da rashin tsufa, sai ƙishirwa guda ɗaya. Yarinya mai shekara 15 ta san wannan ƙage ne, kamar yadda ta san Dodon tatsuniya bai taɓa zuwa neman aure gidan kowa ba. Jinin da ke littafin farko ma bai taka kara ya karya ba.

To me ya kama ta? Abu na farko shi ne muryar da ke ba da labarin. Bella ce ke magana da bakinta daga farko har ƙarshe, kuma tana ganin kanta ba kowa ba: ba ta ɗauki kanta kyakkyawa ba, ba ta iya wasan motsa jiki ba, ko tafiya take sai ta yi tuntuɓe. Meyer ta faɗa da kanta cewa da gangan ta ƙi siffanta Bella dalla-dalla, don kowace mai karatu ta iya shiga jikinta. Yanzu ki duba abin da aka shirya wa wannan yarinya. Saurayin da ya fi kowa kyau a makaranta, wanda ya shafe shekara kusan 90 bai kalli wata mace da idon so ba, ita ya zaɓa. Yana jin tunanin kowane mutum da ke kusa da shi, amma nata ya gagare shi, don haka dole ya zauna ya yi ta tambayarta wane launi take so, wane littafi, wace fure, yana sauraron amsar kamar wani abu mai daraja. A shekarun da yarinya ke tsayawa gaban madubi tana ƙirga aibobinta, littafin yana raɗa mata cewa ta fita daban ba tare da ta yi komai ba, kuma akwai wanda zai gane haka. Ke kin wuce wurin, shi ya sa raɗar ba ta iso ki ba.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma ina ganin iyaye da yawa ba sa lura da shi. Littafin nan na kamun kai ne. Meyer mabiyar cocin Mormon ce, wanda ya hana kusantar juna kafin aure, ya hana giya, kuma tarbiyyar nan ta ratsa labarin ko da ba a ambaci addinin ba. Ta buɗe littafin da ayar Littafin Farawa na Baibul a kan itaciyar da aka hana Adamu ci, bangonsa kuma hannuwa ne riƙe da tuffa. A shafi kusan 500 babu abin da ya wuce sumba da riƙe hannu, kuma a cikin jerin gaba ɗaya Edward ne ya kafe sai an ɗaura aure. Shi da kansa ya kwatanta halinsa da na mashayin da ya tuba aka kulle shi a ɗaki da giyar da ya fi so. Cizon da yake gudun yi shi ne ya tsaya a madadin abin da ba a faɗa ba, kuma dukan zaƙin littafin daga jinkirin nan yake fitowa. Abin lura shi ne wanda aka ɗora wa nauyin. A yawancin al'ummu, har da tamu, yarinya ake gaya wa ta tsare kanta, domin namiji ba shi da haƙuri. A nan an juya lamarin, namijin ne ke tsaro, ita kuma an ba ta damar ta ji abin da take ji ba tare da an kira ta da mummunan suna ba, ba kuma tare da wani abu ya same ta ba. Budurwar da ke jin sabon abu a zuciyarta, tana kuma jin kunyarsa da tsoronsa, za ta sami wurin fakewa a nan. Ban ga laifin yarinyar da wannan ya taɓa ta ba.

Akwai kuma gidan Cullen kansa. Iyayen Bella sun rabu tun tana jaririya, ita ce ke kula da uwar da ta fi ta ƙuruciya a hali, ita ce kuma ke dafa wa uban abinci. Sai ga gida cikakke, da uba mai tausayi da uwa mai haba-haba da 'yan'uwa masu son ta, kuma babu wanda zai tsufa ko ya mutu a cikinsu. Masu karatu da yawa gidan suka so kafin saurayin.

Yanzu zuwa inda kike da gaskiya. Maimaicin da kika gani yana nan. Da wuya a wuce shafuka kaɗan ba a sake gaya mana Edward kyakkyawa ne ba, da launin idonsa, da sanyin fatarsa mai kama da dutsen marmara, da ƙamshin numfashinsa. Bella ta ɗauki babi bayan babi tana binciken asirin da bayan bangon littafin ya riga ya tona wa mai saye. Abokanta na makaranta inuwa ne kawai, an ajiye su don a nuna ba su kai Edward ba. James bai bayyana ba sai a kashi na ƙarshe cikin huɗu, kamar marubuciyar ta tuna a makare cewa labari yana buƙatar mugu, kuma faɗan da aka yi ta tara mana tsoronsa bai gudana a gabanmu ba, domin mai ba da labarin tana kwance ba ta cikin hayyacinta. A 2009 Stephen King, wanda ya yi suna wajen rubuta labaran ban tsoro, ya ce Meyer ba ta iya rubutu ba, ko da yake a hirar ya yarda cewa ta san yadda ake yi wa 'yan mata magana kan so da sha'awa ta hanyar da ba za ta firgita su ba. Na yarda da shi a duka biyun. Ina dai ƙara cewa wani kaso na dariyar da aka yi wa littafin nan a Amurka ba don rubutunsa ba ne, don 'yan mata ne masu sonsa. Mun san irin wannan a gida, domin haka aka yi ta raina littattafan soyayya na Kano, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a 2007, alhali su ne suka riƙe dubban mata a kan karatu. Littattafan yara maza masu rauni irin wannan ba su sha rabin wannan zagi ba.

Sai batun masoyin da babu kamarsa. Ki ajiye kyansa da muryarsa a gefe, ki bi ayyukansa kaɗai. Ranar farko ya zabga mata harara kamar ya ga abin ƙyama, ya ɓace kwanaki, ya dawo da fara'a, bayan 'yan kwanaki ya sake ɗauke mata wuta. Da ta ce za ta tuƙa kanta gida, sai ya kama rigarta ya ja ta zuwa motarsa, ya ce idan ta gudu zai sake jawo ta. Da ta je garin Port Angeles da ƙawayenta, ya bi ta a ɓoye. Daga baya ya gaya mata cewa kusan kowane dare yana shiga ɗakinta ta taga ya zauna yana kallonta tana barci, tun kafin su fara soyayya, kuma abin da ya dami Bella a nan shi ne kada ya zama ya ji sambatun da take yi cikin barci. A littafi na uku ya cire wani ƙarfe daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob, sannan ya sa 'yar'uwarsa ta tsare ta a gidansu idan ya yi tafiya. A na biyu ya gaya mata cewa in ta mutu shi ma zai nemi hanyar halaka kansa, kuma da ya ji labarin ƙarya cewa ta mutu ya tafi Italiya don ya cika maganar. Ita ma da ya rabu da ita, marubuciyar ta bar shafuka 4 babu komai a kansu sai sunayen watanni, Oktoba zuwa Janairu, don ta nuna rayuwar Bella ta tsaya, bayan haka yarinyar ta shiga jefa kanta cikin haɗari, da hawa babur da faɗawa teku daga kan dutse, don kawai ta ji muryarsa a cikin kanta. Duk wannan tsakanin mai shekara sama da 100 da yarinyar da ba ta wuce 18 ba.

Labarai da yawa suna da masoya masu mugun hali, kuma wannan kaɗai ba aibi ba ne ga littafi. Abin da ya sa na Meyer ya bambanta shi ne yadda ta tsara duniyar labarin ta yadda kowace ƙetare iyaka da Edward ya yi sai ta zama alheri. Ya bi ta a ɓoye zuwa Port Angeles, sai ga shi wasu maza sun tare ta a lungu, da bai bi ta ba da an cuce ta. Ya hana ta zuwa wurin Jacob, sai ga shi Jacob mai rikiɗa ne ya zama kyarkeci, kuma an riga an nuna mana wata mata da irinsa ya yage wa fuska cikin fushi. Ya ce ba ta iya kula da kanta ba, sai marubuciyar ta sa mota ta nufo ta a harabar makaranta. Mai karatu ba ta samun sararin da za ta ce wannan ya wuce gona da iri, domin kafin ta buɗe baki labarin ya riga ya wanke shi. Har gargaɗin da yake yawan yi mata, cewa shi haɗari ne gare ta ta nisance shi, yana da wata fuska, tunda duk abin da ya biyo baya ya zama ita ta zaɓa. A cikin littafin akwai uzuri, domin da gaske akwai masu farautar jininta. A waje kuwa saurayin da ke bincika wayar yarinya, ya raba ta da ƙawayenta, yau zuma gobe maɗaci, ya ce zai kashe kansa in ta bar shi, ba ya kare ta daga kowa, kuma waɗannan su ne alamun da masu ba ma'aurata shawara ke cewa a gudu idan an gan su. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, littafin nan kuwa ya ƙara da mayar da laifin ya zama hujjar so.

Kada ki ɗauki wannan da nauyin da ya wuce nasa. Miliyoyin 'yan mata sun karanta shi sun girma lafiya, da yawansu yau su ne kan gaba wajen yi wa Edward dariya. Littafi ɗaya ba ya lalata yarinyar da ke da gida. Abin da nake dubawa shi ne ɗiyarki tana ƙera ma'aunin da za ta auna maza da shi tun kafin ta san su, kuma ta riga ta furta cewa wannan shi ne cikar mudu.

Adalci ya sa in faɗi abin da masu kare littafin ke faɗi, domin ɗiyarki za ta kawo shi. Bella ba gunki ba ce. Ita ta binciko asirin Edward da kanta, ita ta sulale daga masu gadinta ta tafi wurin James ita kaɗai don tana zaton mahaifiyarta na hannunsa, ita ce ke matsa lamba a mayar da ita irinsu, shi kuma yana roƙonta ta gama makaranta ta shiga jami'a ta more rayuwarta ta mutum. A littafi na uku ta bijire masa kan batun Jacob har ya yarda ya yi kuskure ya sassauta. Meyer ta kare kanta da cewa Bella zaɓi ta yi, kuma 'yancin mace shi ne a bar ta ta zaɓa. Hujjar tana da ƙarfi har zuwa wani wuri. Inda ta yi rauni shi ne marubuciyar ba ta ba Bella wani abin so ba bayan Edward. Ba ta da sana'ar da take buri, ba ta da aminiyar da za ta ji zafin rabuwa da ita, kuma lokacin da take buƙatar tserewa ta jefi mahaifinta da ainihin kalmomin da mahaifiyarta ta faɗa masa ranar da ta bar shi. Wanda aka share wa hanya ɗaya tak, aka toshe sauran, da wuya a yaba masa da iya zaɓi.

Akwai wani abu da ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye. A littafin nan kyau fari ne fat, kuma duk wanda ya zama masha-jini ƙara haske yake yi, tare da dukiya da ilimi da natsuwa. Jacob da danginsa, masu duhun fata, su ne talakawa, masu saurin fushi, masu rikiɗa su zama dabba. Ƙabilarsu, Quileute, ba ƙage ba ce, mutane ne 'yan asalin Amurka da ke zaune a La Push kusa da Forks har yau. A al'adarsu akwai labarin cewa daga kyarkeci aka halicci kakanninsu, Meyer ta ɗauki wannan ta ƙara masa abin da ba nasu ba, aka yi ta cinikin kaya da sunansu ba tare da an ba su kaso ba. Yarinyar da ke girma inda ake tallar man shafawa mai sa fari ta cancanci a ja hankalinta ga wannan, ko da sau ɗaya.

Game da sauran littattafan, ba nauyinsu ɗaya ba. Na biyu ya fi dacewa a yi hattara da shi idan yarinya mai saurin shiga damuwa ce, saboda yadda ya ƙawata baƙin cikin rabuwa. Na huɗu kuwa wani abu ne daban. A cikinsa aka yi auren Bella tana da shekara 18, ta wayi garin daren farko jikinta duk tabo, ta ɗauki cikin da ke karya mata ƙasusuwa har sai da ta sha jini don ta rayu, aka kuma siffanta haihuwar da jini male-male. A nan ne kuma aka ƙulla zuciyar Jacob da jaririyar da aka haifa, abin da ko masoyan jerin da yawa ba su iya haɗiyewa ba. Shawarata ita ce ki karanta wannan kafin ita, ko ki ce ta dakata da shi shekara ɗaya ko biyu. Ki kuma san cewa abin da ke intanet ya fi littattafan buƙatar sa ido, domin masoyan jerin sun rubuta dubban labarai da sunayen Bella da Edward, wasunsu na batsa ne tsantsa, kuma daga irinsu ne littafin Fifty Shades of Grey ya samo asali.

Ƙwace na farkon ba zai amfane ki ba, tunda ta riga ta karanta, ƙawarta tana da sauran, kuma abin da za ki samu kawai shi ne ta daina gaya miki abin da take karantawa. Kina da abin da iyaye kaɗan ke da shi, wato kin san labarin kuma tana son yin zancensa. Kada ki fara da cewa shirme ne, domin a kunnenta za ta ji kamar ita kika kira sakarya. Ki tambaye ta wane wuri ya fi yi mata daɗi, ki saurara har ta gama. Bayan haka ki tambaye ta abin da za ta yi in ta farka da dare ta ga wani ɗan ajinsu zaune a ɗakinta yana kallonta, ko kuma in Mike, ɗan ajin su Bella da ke binta ba ta so, shi ne ya cire mata ƙarfen mota. Ki tambaye ta me Bella take son zama a rayuwa, ki bar ta ta nema a littafin. Yarinya mai wayo za ta ga abin da kanta, kuma abin da ta gano da kanta ya fi zama a kanta.

Tunda ta nuna tana iya cinye shafi 500 na Ingilishi cikin kwanaki, kada a bar wannan ƙwazo ya huce. Bella kanta mai karanta Jane Austen ce da Wuthering Heights, kuma Meyer ta ce daga tsoffin littattafan nan ta aro sunan Edward, ciki har da Edward Rochester na Jane Eyre, wanda Charlotte Brontë ta fitar a 1847. Wannan zan fara ba ta. Akwai attajiri mai duhun hali da asirin da yake ɓoyewa, akwai yarinyar da ba ta ɗauki kanta kyakkyawa ba tana ba da labari da bakinta, duk abin da ɗiyarki ta so yana nan. Bambancin shi ne da Jane ta gano yana da mata a kulle a saman gida, ta fice ta bar shi tana tsananin sonsa, ba ta dawo ba sai da ta mallaki abin kanta kuma matar ta rasu. Ingilishinsa ya fi na Twilight nauyi nesa ba kusa ba, don haka idan ta yi ta tuntuɓe a babin farko, ki nemo mata sauƙaƙaƙƙen bugu irin na 'yan makaranta ta fara da shi, ta koma ga cikakken daga baya.